Golf 1.8T da aka buɗe injinta sau uku a Kumasi: nazarin zaɓen fistan da kwanrod

Motar da mai ita

Motar Volkswagen Golf ce ƙirar 2002, wadda ake kira Golf 4, an sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Jamus. Injinta shi ne 1.8T mai lamba AUM: silinda huɗu, bawul 20, faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistan milimita 86.4, jimilla cc 1,781. Matsin injin 9.5:1 ne, turbonsa K03 ne ƙarami, kuma daga kamfani ƙarfin doki 150 yake bayarwa da ƙarfin juyi Nm 210. Tsawon kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf (ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji), milimita 144, fin ɗin da ke haɗa shi da fistan kuma milimita 19. Wannan lamba ta ƙarshe za ta sake dawowa.

Mai motar matashi ne ɗan unguwar Aboabo a Kumasi, yana sayar da wayoyi a Adum cikin gari, yana kai kaya Techiman da Tamale kusan sau biyu a wata. Ni abokin mahaifinsa ne tun muna makarantar allo, shi ya sa yake ce mini Kawu. Shagona yana Suame Magazine, wanda mu nan muke ce wa Magazin kawai. Motar ba ta zo hannuna ba sai Maris 2024, don haka abin da ya gabaci wannan na same shi ne daga bakinsa, daga hotunan da ke wayarsa, da kuma tarkacen da ya kawo mini cikin buhun shinkafa. Allah ya taimake shi bai zubar da komai ba.

A ƙarshen 2022 ya sa turbo mafi girma, irin K04, aka sake rubuta wa kwamfutar injin lissafi, ita ce wadda a nan ake kira kwantirol-bod. Iskar da turbo ke turawa ta tashi daga wajen bar 0.6 zuwa bar 1.4, kuma tana cika tun injin yana juyi 2,800 a minti. An cire akwatin matatar iska na asali, aka sa mai siffar mazubi can ƙasa kusa da bamba. Ba a taɓa cikin injin ba. Fetur kuwa duk wanda ya samu yake sha, yau mai lamba 91, gobe mai 95.

Yuni 2023: ruwa

Kwana kaɗan kafin babbar sallah aka yi ruwan sama mai ƙarfi da yamma, rafin Aboabo ya cika ya hau titi kamar yadda ya saba. Ya ga wata tasi ta ratsa, shi ma ya bi bayanta. A tsakiyar ruwan motar ta mutu. Ya murɗa makulli sau biyu, a na uku ta tashi tana rawa, ya lallaɓa ta gida.

Washegari wani fita, wato makanike, ya yi gwajin matsi. Silinda ta 1 ta ba da bar 11.8, ta 2 bar 11.5, ta 4 bar 11.7, ta 3 kuwa bar 7.9. Littafin kamfani bai yarda bambanci tsakanin silinda ya wuce bar 3 ba. Da aka ɗage tof, wato kan injin, fistan na 3 ya tsaya milimita 1.8 ƙasa da inda ya kamata ya kai. Kwanrod ɗinsa ya lanƙwashe, ana gani da ido. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda fistan ya taso ya same shi, wani abu dole ya ba da kai.

Yuli 2023: gyara na farko

Shawarar fitan ita ce a canja kwanrod ɗaya a rufe. Aka zaga Magazin aka samo hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, daga wani injin 1.8T. Da aka zo haɗawa, fin ɗin ya ƙi zama, yana lilo a cikin ramin. Injin da aka ciro kayan daga cikinsa AGU ne, na Golf 4 ɗin farko-farko, shi kuma fin ɗinsa milimita 20 ne. A waje injinan biyu kamar tagwaye suke, duk wanda ya faɗa wa mai sayar da kaya "wan-foyint-et-ti" kawai bai faɗi lambar inji ba, abin da ya samu shi za a miƙo masa.

Maimakon a mayar, sai aka koma aka karɓo fistan ɗin AGU ɗin ma, aka sa su tare a silinda ta 3. Aka sa sabbin metal (ɓawon da ke tsakanin kwanrod da kiranshaf) da gasket, aka mayar da tsofaffin kusoshin kwanrod, waɗanda irin masu miƙewa ne da ake ɗaura su sau ɗaya. Ba a auna sauran kwanrod ukun ba. Ba a ɗora komai a kan sikeli ba. Da na auna su daga baya, fistan da kwanrod na AGU sun fi kowane ɗaya daga cikin na asali nauyi da giram 24.

Motar ta tashi, matsi ya daidaita, amma akwai wata karkarwa da ake ji a sitiyari da sandar giya daga juyi 3,000 zuwa sama. Aka ce masa kujerar inji ce, ya canja, karkarwar ba ta tafi ba. An ɗaga matatar iska sama. Lissafin kwamfuta yana nan yadda yake.

Nuwamba 2023: hanyar Techiman

Bayan kilomita 5,200, yana kan hanyar Techiman an wuce Offinso, ya fito zai wuce wata tirela. Yana giya ta biyar, juyi wajen 2,500, ya taka totur har ƙasa. Ya ce ya ji wata ƙara siririya kamar tsakuwa cikin gwangwani, sannan aka yi "ƙas", injin ya fara bugu. Rani ne, ko ɗigon ruwa babu a titi.

An jawo motar zuwa Kumasi. Wannan karon kwanrod na 2 ne ya lanƙwashe, ɗaya daga cikin na asali, gindin fistan ɗinsa ya taɓa kiranshaf ya guntule. Metal ɗinsa ya cinye a gefe ɗaya. Kiranshaf ya tsira da goge kawai.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: gyara na biyu

A nan ya yanke shawarar ba zai sake sa kayan kamfani ba. Ya yi karatu a intanet, ya ga kowa yana yabon fistan da aka ƙera da bugu maimakon zubi, ya kira yayansa da ke Hambug ya aiko masa da saiti. Na aluminiyam mai lamba 2618 ne, na silinda milimita 81.5, matsi 8.5:1, fin milimita 20. Kuɗinsa ya ƙare a nan, ga sidi tana ta faɗuwa a kan yuro. Da aka zo kan kwanrod, sai ya sayi hom-yus na AGU guda uku ya haɗa da wanda ke hannunsa suka zama huɗu, tunda fin ɗinsu ya dace.

Don rage nauyin kaya, yayan ya cire fistan daga kwalinsu ya naɗe su cikin riguna. Takardar awo da ke cikin kwalin ta tsaya a Jamus.

Aka kai bulok, wato gangar injin, wurin wani dattijo mai injin bora da ke faɗaɗa silinda, mutumin da ya daɗe yana wannan aiki, kuma aikinsa a kan Sprinter da tasi ba ya dawowa. Ya auna fistan, ya sami milimita 81.41, ya ba shi ratar da ya saba ba kowane fistan na kamfani, milimita 0.04. Silinda ta fito 81.45. Ringi kuma aka zare su daga leda aka ɗora, ba a auna bakinsu a cikin silinda ba.

Injin ya tashi shiru, babu ko ƙwas, kowa ya yaba. Kilomita 600 na farko ya yi su a hankali cikin gari. A ƙarshen Fabrairu ya kama hanyar Accra da tsakar rana. Kafin Nkawkaw ya matsa mata na 'yan mintoci, ƙarfi ya fara raguwa, allurar zafi ta ɗaga, hayaƙi shuɗi ya biyo salansa. Ya kashe ta da wuri, wannan ne ya ceci bulok ɗin.

Maris 2024: abin da awo ya nuna

Farkon azumi aka shigo da ita shagona, shi da mahaifinsa. Yaron bai iya ɗaga kai ba. Mahaifin ya ce, "Masta, ga ɗanka nan, ga motarsa. In ta mutu ka faɗa mana mu sayar da ita a kilo."

Na ce a ba ni mako guda, ba zan sayi komai ba, ba zan ce komai ba, aunawa kawai zan yi. Na sa yara suka zazzage buhun a kan tebur, muka jera kowane kaya bisa lambar silindarsa da watan da aka cire shi.

Fistan na 2 da na 3 na gyara na biyu sun kurje a gindinsu ta ɓangarori biyu, aluminiyam ya manne a bangon silinda kamar an shafa kwalli. Na 1 da na 4 sun fara. Na zura ringin sama cikin silinda na daidaita shi da kan fistan, na sa fila-gej, abin auna rata: bakinsa milimita 0.17. Bakin biyu suna sheƙi kamar an goge su da yashi, alamar sun haɗu sun cije juna da zafi ya buɗa su. Ɗaya daga cikin ƙananan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan, na silinda ta 3, ya karkace, man yana bugun bango. Babban ramin ɗaya daga cikin kwanrod na hom-yus ya zama ƙwai da milimita 0.03.

Sai na koma kan kwanrod na asali, waɗanda suka zo da motar daga Jamus. Na 2 da na 3 kowa ya san labarinsu. Na 1 da na 4 ne ba wanda ya taɓa kallo, domin a ido miƙaƙƙu ne. Na zura fin ɗaya ta ƙananan ramukansu biyu, na kwantar da su a kan gilashi, na haska tocila ta baya. Haske ya ratso ta ƙarƙashin tsakiyarsu. Da na auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, na 1 ya ba da milimita 143.7, na 4 ya ba da 143.8. Ya kamata su zama 144. Na kira shi ya duƙa ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallon hasken, sannan ya ce, "Kawu, ai waɗannan ruwa bai taɓa su ba." Na ce masa haka nake gani.

Fistan na asali na 1, na 3 da na 4 na wanke su da fetur na duba ramukan ringi da gindin fin. Babu tsaga ko ɗaya, har na 3 da ya sha ruwa.

Afrilu 2024: zaɓe

Kan kwanrod ba mu ja ba. Idan turbo ya cika iska tun injin yana juyi kaɗan, matsin da ke kan fistan yana kaiwa ƙololuwa, kwanrod ya zama kamar sandar da aka dasa aka ɗora mata kaya daga sama. In kayan ya fi ƙarfinta sai ta gantsare. Masu aikin wannan inji sun daɗe da sanin cewa daga wajen Nm 400 kwanrod na asali ya shiga haɗari, kuma idan fetur ya fashe kafin lokacinsa, wato ƙarar tsakuwar da ya ji a hanyar Techiman, bugun yana ƙaruwa farat ɗaya. Juyi mai yawa kuma wata cuta ce daban: can fistan ne ke fizgar kwanrod sama, kusoshi su ke ɗaukar nauyin. Don haka muka nemi na ƙarfe 4340 da aka ƙera da bugu, tsawo 144, fin 20, da kusoshin ARP 2000.

Ya tambaye ni mai siffar H ko mai siffar I. Mutane suna ɓata dare suna wannan gardama a intanet. A ƙarfin da wannan mota za ta bayar, kowanne mai kyau zai ɗauka. Abin da na nace a kai shi ne ya zo cikin kwalinsa, da sunan wanda ya ƙera shi, da takardar da ta faɗi yadda za a ɗaure kusoshi. Mai H muka samu da waɗannan sharuɗɗa, shi muka saya.

Kan fistan ne muka yi kwana uku. Shi yana so a sayo biyu irin na 2618 a cike gurbin waɗanda suka kurje, tunda shi ne mafi ƙarfi. Gaskiyarsa ta wannan fuska: 2618 kusan babu silikon a cikinsa, yana da taushi, yana jure duka ba ya tsagewa da sauri, shi ya sa masu tsere suke son sa. Amma yana buɗewa sosai idan ya ɗauki zafi, don haka a silinda irin wannan yana buƙatar rata wajen milimita 0.09 zuwa 0.10. Da safe kafin ya yi zafi yana ƙwanƙwasa, kuma ramukan ringinsa suna saurin cinyewa. Shi kuwa aluminiyam mai lamba 4032 yana da silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, ba ya buɗewa kamar wancan, yana zama da rata ƙarama, yana daɗewa. Rauninsa shi ne bai kai 2618 jure fashewar fetur ba.

Na ce masa ya lissafa mini yadda yake tuƙi a mako. Daga Aboabo zuwa Adum da safe, cunkoson Kejetia, a kashe a tayar sau biyar ko shida a yini, sai doguwar tafiya sau biyu a wata. Motar da ke yin rabin rayuwarta ba ta gama ɗumi ba. Na kuma nuna masa na 1 da na 4 ɗin da yake son riƙewa, su ma sun ji rauni. Daga ƙarshe mahaifinsa ne ya raba gardamar, ya ce, "Kai, ka bi maganar kawunka." Muka yi odar saitin 4032 na silinda 81.5, matsi 9.0:1, daidai da na injin BAM mai ƙarfin doki 225 da kamfanin ya sa wa Audi TT da S3. Na zaɓi 9.0 a kan 8.5 don kada motar ta yi nauyin tashi a cikin gari kafin turbo ya kama.

Wannan karon na karɓi wayar na yi magana da yayan da kaina. Na ce ko zai bar rigunan sallah a can, kwali da takarda su zo.

Mayu 2024: haɗawa

Na mayar da bulok wurin dattijon nan, ban kai wani wuri ba. Na tafi da fistan huɗu da takardarsu, na ce, "Wofa (wato kawu da Twi), ga abin da masu shi suka rubuta." Ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai, ya ce da ya ga irin wannan a wancan karon da ba haka aka yi ba. Takardar ta ce a auna gindin fistan a gicciye da fin, a wani tsayi da ta fayyace, a ba shi rata 0.06. Fistan sun fito 81.44. Aka fara cire aluminiyam da ya manne, sannan aka goge kowace silinda da dutse zuwa 81.50, kowace da fistan ɗinta, aka rubuta lamba a kai. Matsewar da ta kashe gyara na biyu ita ce ta bar mana naman da muka goge. Layi ɗaya siriri ya rage a silinda ta 2, can ƙasa da inda ringi ke kaiwa. Injin ya koma cc 1,803.

Ringi na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya, na yini guda: na sama 0.42, na biyu 0.48. Na ari sikelin wata mai yin kek a layinmu, muka auna fistan da kwanrod, muka haɗa mai nauyi da marar nauyi har bambancin saiti huɗun bai wuce giram 1 ba. Ratar metal ta fito 0.04 zuwa 0.05. An canja bututun man da ya karkace, na juya kiranshaf da hannu ina leƙe don tabbatar babu gindin fistan da ke kusantar su. Rariyar famfon mai ta toshe rabi da daskararren baƙin mai, aka sa sabuwa. Akwatin matatar iska na asali ya koma wurinsa.

Kilomita 1,000 na farko na cire wayar bawul ɗin N75 mai sarrafa iskar turbo, turbo ya tsaya a kan ƙarfin sifirin ɗinsa kawai. An zubar da mai a kilomita 80, an sake a 1,000, sannan aka koma 5W-40. Bayan haka mai kwamfuta ya sake lissafi: kada iska ta wuce bar 1.0 ƙasa da juyi 3,500, ta hau a hankali zuwa 1.3. Fetur mai lamba 95 kaɗai, in zai tafi arewa ya cika tanki tun daga Kumasi.

Agusta 2024 zuwa Yuni 2025

A kilomita 6,000 gwajin matsi ya ba da 11.4, 11.5, 11.3, 11.4. Karkarwar sitiyari ta ɓace. Da safe babu ƙwanƙwasa. A kilomita 23,000, cikin Yuni 2025, lambobin ba su motsa fiye da 0.2 ba, kuma tana shan baƙin mai wajen rabin lita a kilomita 5,000. Ta je Tamale ta dawo sau da yawa, har da watan Maris mai zafi.

Yadda nake ganin lamarin

Ruwan Aboabo ya lanƙwasa kwanrod na 3, wannan babu shakka. Amma ya kuma rufe wa kowa ido, domin an sami abin ɗora wa laifi sai aka daina nema. Kwanrod na 1 da na 4 sun nuna cewa tun ranar da aka ɗaga iska zuwa 1.4 a juyi kaɗan suke gantsarewa a hankali. Kayan kamfanin ba su yi laifi ba, an yi su ne don Nm 210, kuma a nan za su yi shekaru ba su ce uffan ba.

Gyara na biyu shi ne ya fi ƙona mini rai, don an bar jaki ana dukan taiki. Duk kuɗin ya tafi kan fistan, ɓangaren da bai taɓa gazawa da kansa ba, aka bar kwanrod a kan hom-yus. Da matsewar silinda ba ta tsayar da motar a Nkawkaw ba, da su ne za su tsayar da ita gaba kaɗan, wataƙila su fasa bulok. Dattijon mai bora ban ga laifinsa sosai ba, ya yi abin da ya dace da fistan da ya sani. Amma fita da ya ɗora ringi bai auna bakinsu ba, aikin minti goma ne ya tsallake, kuma fila-gej bai kai kuɗin waakye (shinkafa da wake) na mako ɗaya ba.

Ana sayar da kwanrod na 4340 mai tsawo 144 da fin 19, wanda ke shiga fistan ɗin AUM kai tsaye ba tare da bora ba. Da a Yuli 2023 aka sa irinsa guda huɗu, aka riƙe fistan ɗinsa na asali, aka rage iskar turbo a juyi kaɗan, ina da yaƙinin injin sau ɗaya za a buɗe, a kan ƙasa da sulusin abin da ya kashe. Fistan na 4032 da muka sa ma don an riga an faɗaɗa silinda ne, ba don na asali sun kasa ba. Ukun nan na asali suna kan kanta a shagona, na shafe su da mai na naɗe a jarida. Wani yaro mai Audi A3 da ke son ƙara turbo ya zo ya gan su makon jiya, na ce ya fara kawo mini lambar injinsa.